Cinikin biri a sama: wasiƙa zuwa ga masu shirin wasanni a rediyoyin Damagaram

Ƙannena masu shirin wasanni,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya fama da jama'a? Ba ku san ni ba, amma ni na san muryoyinku ɗaya bayan ɗaya. Na san wanda bakinsa ke cika in zai ambaci Barcelona, na san wanda muryarsa ke shaƙewa washegarin ranar da aka lallasa Madrid. Tsohon malamin lakkwal ne ni, na ajiye alli shekarun baya. Abin da ya rage mini na hidima shi ne yara ashirin da ɗoriya da nake koya wa tamaula da yamma a wani fili can bayan Garin Malam. Ƴar rediyota kuwa kullum tana aljihun gaba. Don haka takardar nan daga mai saurarenku ta fito, kuma a kan kalma ɗaya tak na rubuto ta. Kalmar ita ce "wai". Kun yar da ita a hanya, ina roƙon ku koma ku tsinto ta.

Bari in fara da abin da ya faru a ƙofar gidana.

A ƙarshen Janairun 2024 koci Jurgen Klopp ya sanar cewa zai bar Liverpool in kaka ta ƙare, bayan kusan shekara 9 yana can, ya ce ya gaji. Tun daga ranar fadar samarin layinmu ba ta sake samun wata hira ba. Wa zai gaje shi? Suna ɗaya ne a bakin kowa, Xabi Alonso, wanda a lokacin yake jan Bayer Leverkusen a Jamus ba wanda ya iya kai ta ƙasa. Ga shi tsohon ɗan wasan Liverpool, da shi aka ci kofin zakarun Turai na 2005. Ga shi ya yi wa Madrid wasa, ya yi wa Bayern. Mutum ɗaya, tsoffin gidaje uku, kowanne gida da masoyansa a kan tabarmar fadar nan.

Sai azumi ya kama a watan Maris, cikin zafin nan namu da ko bango ka jingina da shi sai ya gasa ka. Wani dare bayan asham, kuran ya ɗauke, kowa ya fito waje da tabarmarsa. Ana jiran shayi na biyu sai musu ya kaure tsakanin wani tela, mai son Liverpool kamar ya mutu, da wani ɗan kabu-kabu da ya manna tambarin Madrid a tankin mashin ɗinsa. Tela ya ce an gama magana, Alonso na Liverpool ne, sa hannu kawai ya rage. Ɗan kabu-kabu ya ce ba inda za shi, Madrid yake jira. Kafin a sauke buta sun zube jika goma-goma a hannun shugaban fada. Na leƙo na ce musu, ku ji tsoron Allah, caca cikin watan azumi? Suka ce a'a Baba, wannan ba caca ba ce, musu ne. Na ja bakina na koma ciki.

Ranar Juma'a 29 ga Maris Alonso ya fito da bakinsa ya ce yana nan a Leverkusen. Da dare ɗan kabu-kabu ya zo karɓar kuɗinsa: ai na ce ba zai je ba, kuma bai je ba. Tela ya ce ƙarya kake, cewa ka yi Madrid, to ina Madrid ɗin? Magana ta yi tsami, aka miƙe tsaye, ƙafar wani ta haɗa da murhu, buta ta kife, garwashi ya watse. Yaron da ke zuba shayin ɗaya ne daga cikin yarana, bahago ne mai kyawun ƙafa, garwashi ya sauka masa a kan babban yatsa. Sati biyu bai zo fili ba. Tela da ɗan kabu-kabu kuwa ba su sake gaisawa ba sai a filin idi, shi ma don manya sun tsaya a kansu. Abin dariyar, a Mayun 2025 da Madrid ta ɗauki Alonso, sai ga ɗan kabu-kabu tun da safe yana danna oda a ƙofar shugaban fada, wai yau dai gaskiyarsa ta fito, a ba shi jika ashirin ɗinsa. Shugaba ya ce kuɗin nan tun bara suka zama sukari da ganye da gawayi, kuma da kai aka sha.

Bayan ƙura ta lafa na kira telan nan gefe, don ɗan aminina ne. Na ce kai da ke kwana kan keken ɗinki don kayan sallar mutane, me ya ba ka ƙarfin zuciyar zube jika goma a kan mutumin da bai san da zamanka a duniya ba? Amsar da ya ba ni ita ce ta sa nake rubuto muku. Ya ce, Baba, rediyo ce ta faɗa.

Kun san nauyin wannan magana a ƙasar nan. Iyayenmu sun tashe mu a kan cewa in rediyo ta faɗa, musu ya ƙare. Yawancin masu saurarenku ba sa karanta Faransanci balle Ingilishi, ko suna da waya a hannu hoton kawai suke gani. Ku ne idonsu. To ga abin da nake lura da shi. Ɗan jaridar Faransa in zai rubuta labarin da bai tabbatar ba, akwai wata ƴar jela da yake maƙala wa aikatau, haruffa uku ko huɗu, wadda ma'anarta ita ce "haka aka ce, ban gani da idona ba". Shekara da shekaru na koyar da wannan salo a aji, na san yadda yake da saurin ɓacewa a idon mai gaggawa. Na Ingila shi ma yana da tasa mafakar: "rahotanni na cewa", "ana kyautata zato". Ku kuma kuna cikin sauri, waya a hannun hagu, makirufo a gaba, sai ku sauke labarin zuwa Hausa ku bar jelar a can. "Wai ana tunanin zai iya zuwa" ta koma "zai zo", kafin ta kai Tudun Jamus ta zama "ya zo". Alhali Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Abin da Bafaranshe ke yi da wahalar nahawu, mu da haruffa uku muke gama shi. Ko tsohuwa mai sayar da ƙuli ta san bambancin "an ɗaura aure" da "wai za a kai gaisuwa".

Ni a ganina, wanda duk ya taɓa zuwa kasuwar dabbobi ranar Alhamis ya riga ya gama karatun yadda ake cinikin koci a Turai. Ka tsaya gaban rago kana shafa bayansa, sai dillali ya matso ya rage murya: Alhaji, yanzun nan wani ya taya jika ɗari da hamsin, mai shi ya ce albarka. Wane ne wanin? Ina ya nufa? Ba za ka taɓa ganinsa ba. Aikinsa kawai ya sa hannunka ya ƙara zurfi a aljihu, don la'adar dillali daga tsadar ragon take fitowa. Kowane babban koci yana da irin wannan dillali. In kwantiragi ya kusa ƙarewa, ko ana son ƙarin albashi, sai a raɗa wa ɗan jarida cewa ƙungiya kaza ta taya. Wani lokacin ma ƙungiyar ce da kanta ke sakin zancen, don ta kwantar da hankalin magoya baya bayan an sha kashi, ko ta nuna wa kocin da ke kan kujera cewa ƙofa a buɗe take. Jarida kuma ba ruwanta, abin da za a danna take nema. A Sifaniya jaridun wasanni na Madrid, Marca da AS, da na Barcelona, Sport da Mundo Deportivo, kowace ta san gidan da take wa kiɗa, kuma dole ta cika shafi kowace safiya ko da ba a buga ko wasa ɗaya ba. Tayi daban, sallamawa daban. Abin da kuke karanto mana dare da rana, mafi yawansa tayi ne, wani ma tayin dillali.

Kuma ko mai saye ya rantse, ciniki bai faɗa ba sai mai kaya ya sallama. Ku tuna da Carlo Ancelotti, lokacin yana kocin Madrid. A tsakiyar 2023 shugaban hukumar ƙwallon Barazil da kansa ya shaida wa duniya cewa Ancelotti zai karɓi ƙungiyar ƙasarsu a 2024. Ba wani shafin Facebook ba, shugaba sukutum. Me ya faru? A ƙarshen Disambar 2023 mutumin ya sabunta zamansa a Madrid. Sai a Mayun 2025 ya tafi Barazil ɗin. Wanda ya zuba kuɗi a kan maganar shugaban nan ya sha ƙasa, ko da yake daga baya zancen ya tabbata. Ga kuma abin da ke tsakanin baki da takarda, wato kuɗin fansa. Koci mai kwantiragi ba a ɗaukarsa haka nan kamar an tsinci dala a hanya. Da Manchester United ta so Ruben Amorim a ƙarshen 2024, sai da ta biya Sporting ta Fotugal kimanin Yuro miliyan 11. Ku buga da 655 ku gani, ya haura miliyar 7 na sefa, kafin a zo maganar albashinsa da na mataimakansa. Irin wannan lissafi ne ke yanke hukunci, ba hoton da wani yaro ya haɗa a wayarsa ya sa wa koci rigar da bai taɓa sawa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda gaskiyar ke yawan fitowa ta ƙofar da ba wanda ke tsaro. Duk surutun da aka sha a kan Liverpool, daga Alonso aka koma Amorim, ƙarshenta wa ya zo? Arne Slot daga Feyenoord ta Holan, wanda a fadarmu ba mai iya faɗin sunansa daidai, kuma a kakarsa ta farko ya ɗauki kofin Firimiya. Bayern ta nemi Alonso bai zo ba, aka yi zancen Nagelsmann ya zauna da ƙungiyar ƙasar Jamus, aka nemi Rangnick ya ce yana nan Ostiriya. Daga ƙarshe ta ɗauko Vincent Kompany, wanda Burnley ta faɗo daga Firimiya a hannunsa makonni kaɗan kafin nan. Da wani ya faɗi haka a fada a watan Maris, da an ce azumi ne ya taɓa shi. Haka a Janairun 2013, koci Pep Guardiola na hutunsa a Amurka, jaridun Ingila na ta raba shi tsakanin Chelsea da Manchester City, sai Bayern ta fito da sanarwa tsit, an riga an gama. Masu cinikin gaske ba sa kiran maroƙi sai an shafa fatiha.

Zidane kuwa ai ya zama ragon da ake tayawa kowace Alhamis ba a taɓa sayarwa. Tun da ya bar Madrid karo na biyu a Mayun 2021, na ji an kai shi PSG, an kai shi Manchester United, an kai shi Juventus, an kai shi Barazil. Shekara huɗu cur mutumin bai karɓi ko ɗaya ba. Da ana biyan kuɗin mota kan kowace tafiya da kuka yi da shi a rediyo, da ya zaga duniya sau bakwai. Na san dalili, ba a ɗaukar kofin zakarun Turai uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, a ce sunanka ya daina sayar da jarida. Mu nan kuma muna da wata ƙauna ta daban gare shi, saboda asalin iyayensa maƙwabtanmu ne na Aljeriya. Amma ƙauna ba ta mai da ƙanzon kurege labari.

Kada ku ɗauka ina cewa a daina hirar. Wane ni! Ni kaina na sha raba dare ina kare ra'ayina kan wanda ya dace da wace ƙungiya, har uwargida ta aiko yaro ya ce tuwo ya huce. Hirar nan tana da daɗi, kuma ta fi abubuwa da yawa da samari za su iya yi da darensu a garin nan, kun san abin da nake nufi. Yaron da zai zauna ya yi maka bayanin dalilin da ya sa salon koci Diego Simeone ba zai yi daidai da Barcelona ba, kansa na aiki. Ku bar mu mu yi musunmu. Abin da nake nema a wurinku ƙarami ne: in ji-ta-ji-ta ce ku ce wai, ku faɗi wanda ya faɗa, jarida ce ko ƙungiya ko kocin da bakinsa. Samari sun iya cewa "Romano ya ce", wato ɗan jaridar nan na Italiya mai labaran cinikin ƙwallo, to ku duba ko shafinsa ne na gaskiya, don masu aron sunansa a Facebook da TikTok sun fi a ƙirga. In kuma labarin da kuka ba mu ya rushe, ku dawo mako mai zuwa ku ce jama'a, wancan bai tabbata ba. Shekara nawa ina saurarenku, ban taɓa jin wannan jimla ba ko sau ɗaya. Sai dai a wuce kamar ba a yi ba, a ɗauko sabon suna. Ku tuna yanzu akwai rumfunan caca a kan titunanmu, akwai ta cikin waya, kuma yaron da ya ji "an gama magana" daga bakinku ba ya tsayawa a jika goma ta fada.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi ci mini rai, ko da yake ban so in tsawaita.

Kwanan baya na jarraba samarin fadar nan. Na ce wane koci ne ya fara kai Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, gasar cin kofin Afirka? Mutum goma sha wani abu a zaune, ɗaya ne ya amsa, shi ma da shakka. Waɗannan fa yara ne da suka san sunan mataimakin Guardiola. Harouna Doula ne, ɗan ƙasa. Rukunin da ya fito da mu a wasannin share fage akwai Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010, akwai Afirka ta Kudu, akwai Saliyo. A Oktoban 2010 Moussa Maazou ya jefa wa Masar ƙwallo ɗaya a Yamai, aka tashi a haka. Ranar ƙarshe ƴan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a filinsu suna zaton su suka wuce, ashe ba su karanta doka da kyau ba, mu ne muka wuce. Hukumar ƙwallon Afirka ta ba Doula kyautar gwarzon koci na 2011. Da aka je gasar a 2012 aka sha kashi a wasan farko a hannun Gabon, sai ragama ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis da aka kawo a matsayin mai ba da shawara. Ku gaya mini, wane "wai" na Turai ne ya kai wannan labari daɗin hira da abin musu? In ma yawon koci kuke son bi, ga Gernot Rohr: daga Nijar ya tafi Burkina, daga can Najeriya, daga can Benin, duk a ƙofar gidanmu.

Kuma a garin nan aka taɓa ɗaukar kofin ƙasa. Espoir ta Damagaram ce zakara a 1984, ina yaro lokacin. Ku nemo dattawan da suka ga wannan zamani ku ba su makirufo tun suna da sauran ƙarfin magana. Na san kun iya, don ina jin ku lokacin kokowar takobi, kuna faɗin ƙauyen kowane ɗan kokowa da wanda ya kayar bara da irin kamun da ya fi ƙwarewa a kai. A can ba ku dogara da wayar kowa, da ƙafarku kuke zuwa. Minti biyar cikin shirin awa guda ya isa a ji wa ke horar da yaran Birni, wa ke riƙe da na Zango da na Kara-Kara, wa ya kai yaransa Mirriya ko Matamaye suka yi wasan sada zumunta, da kuɗin wa aka sha mai.

In kuna neman wurin farawa, muna fili kowace Asabar da Lahadi bayan la'asar. Ku tambayi ƴan kabu-kabun bakin hanya filin Baba mai usur, za su kawo ku. Turakun ragarmu itacen bedi ne, ragar kanta babu. Ƙwallo biyu gare mu, mai faci ya riga ya ɗinke ɗaya sau uku. Bahagon nan da garwashi ya ƙona ya warke sarai, har ya fara harbi da dama. Kuma ga ɗanyen labari na ajiye muku: wai wani koci daga unguwar maƙwabta yana zagayowa ta wurin kawun mai tsaron ragarmu, yaro ɗan shekara 13, wai ya yi masa alkawarin takalmi da safar hannu in ya koma wurinsa. Kawun ya ce ba a yi ba. Yaron kuma in na tambaye shi sai ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi. Ku zo da na'urarku ku ji ta bakin kowa.

A gaida mutanen ɗakin watsa shiri, da mai kula da na'ura da ba a jin muryarsa.

Naku mai saurare,
Wani tsohon malamin lakkwal, mai horar da yara a bayan Garin Malam, Damagaram